Ɗan Caca Ma Majinyaci Ne

A watan Oktoba na 2024, dakarun Hisbah a Kano suka bi shagunan cacar ƙwallo suna rufewa, bayan koke-koken iyaye da shugabannin unguwanni cewa matasa sun tare a can. Ba a jima ba, ranar 22 ga Nuwamba, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas da wasu jihohi suka shigar tun 2008, inda ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, iyakarta Babban Birnin Tarayya. Tun daga ranar, kowace jiha ce ke da wuƙa da nama a kan caca a cikin iyakokinta. Mutane da yawa a Arewa sun yi murna, kuma suna da hujja. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: waɗanda suke cika shagunan nan daga safe har dare, ina suka dosa da aka garƙame ƙofa?

Ba sai sun dosa ko'ina ba. Shagon yana cikin aljihunsu. Bet9ja, SportyBet, BetKing da ire-irensu duk suna cikin waya, ba sa rufewa da azahar, ba sa rufewa da tsakar dare. Mutum yana kwance kusa da iyalinsa zai tura kuɗin cefanen gobe cikin ƙiftawar ido, babu wanda ya gani. In babu wasan gaske a lokacin, akwai wanda kwamfuta ke bugawa, a fara a gama cikin 'yan mintuna, a sake sabo. Cacar karta ta dā tana bukatar tabarma da abokai da wurin ɓuya, kuma labari kan fita. Ta yanzu ba ta bukatar kowa.

Mu a wajenmu sunan "ɗan caca" zagi ne. Ba a ba shi aure, ba a ba shi ajiya, ba a yarda da rantsuwarsa. In labarinsa ya taso a majalisa, abin da za a ji shi ne "son banza ne," "mataccen zuciya ne," "shi ya jawo wa kansa." Ba na musun cewa caca haramun ce, kuma ɓarnarta a fili take. Abin da nake cewa shi ne, a cikin masu yin ta akwai waɗanda suka wuce matakin ganin dama, suka shiga ciwo, kuma ciwon nan likitoci sun san shi, sun ba shi suna.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fara sanya shi a kundinta na cututtuka a 1980. A 2013 ta ɗauke shi daga inda yake, ta ajiye shi a babi ɗaya da jarabar giya da miyagun ƙwayoyi, domin bincike ya nuna hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a kundinta da ya fara aiki a 2022, kuma ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 1.2 cikin ɗari na manyan mutanen duniya na fama da shi. Kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2024 wanda ya ce adadin ya kai kusan mutum miliyan 80. Musulmi bai kamata ya yi mamakin wannan haɗi ba, tunda a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida tare aka ambaci giya da caca.

To, me ke faruwa a cikin kai? Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda aikinsa shi ne zaburar da mutum ya nemi abu ya kuma koyi maimaita shi. Masanin nan Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna gwaji da birai, suna ba su ruwan 'ya'yan itace bayan wata alama. A 2003 suka bayyana cewa a lokacin jira, jijiyoyin dofamin sun fi motsawa idan birin bai sani ba ko zai samu ko ba zai samu ba, wato idan lamarin ya zama rabi da rabi. Rashin tabbas ɗin kansa shi ke tayar da ƙwaƙwalwa. Wannan shi ya sa wanda ya yi nisa yakan ce ba ma kuɗin ne ke jan sa ba yanzu, bugun zuciyar nan ne na mintuna goman ƙarshe.

Sai kuma abin da duk mai zama gidan kallon ƙwallo ya saba ji: "Wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti." Mutum ya haɗa wasanni goma, tara sun shiga, ɗaya ya ƙi. A lissafi ya faɗi, kamar yadda wanda duka goman suka ƙi masa ya faɗi. Amma ƙwaƙwalwa ba haka take karanta shi ba. A 2009 Luke Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna wasan na'urar caca, suka ga cewa "saura ƙiris" yana kunna wasu daga cikin sassan da cin gaske ke kunnawa, kuma yana ƙara sha'awar a sake. Tikitin wasanni da yawa kuwa injin ƙera "saura ƙiris" ne. Ga lissafin da ba a faɗa wa matasa: a ɗauka kamfani ya ware wa kansa naira 5 cikin kowace 100 a wasa guda. In ka haɗa wasanni goma, wannan kaso yana hawa kan juna, har ya zama cikin kowace naira 100 da jama'a suka zuba, kusan 60 ce kawai ke komawa gare su. Sanin ƙwallo, ko ka haddace sunan kowane ɗan wasan Firimiya, ba ya sauya wannan.

Hujjar da ta fi girgiza ni ta fito ne daga wani ɓangare na daban. Masu cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar jiki, akan ba su magungunan da ke kwaikwayon dofamin, irin su pramipexole da ropinirole. An samu dattawa da ba su taɓa caca ba a rayuwarsu, suka fara shan maganin, suka dulmiya cikinta har suka cinye abin da suka tara. Da likita ya rage ko ya sauya maganin, sha'awar ta lafa ga da yawansu. Tarbiyyarsu ba ta sauya ba, sinadarin ne ya sauya. Duk wanda ya san wannan zai yi taka-tsantsan kafin ya ce lalacewar hali ce kawai.

Likita ba ya kiran kowane mai caca majinyaci. Yana duba alamu: mutum yana ƙara yawan kuɗin da yake sakawa kafin ya ji abin da yake ji a dā; ya yi ta ƙoƙarin bari yana kasawa; in ya bari sai ƙunci da saurin fushi; yana ƙarya don ɓoyewa; ya sa aikinsa ko aurensa ko karatunsa cikin haɗari. Babbar alama ita ce neman fanshewa. Ya faɗi dubu ashirin ta mai gida, sai ya ga ba shi da hanyar mayarwa kafin a gane sai ya sake sakawa. Ya ranta a manhajar bashi, ya taɓa kuɗin adashi, ya jinginar da babur. Kowane rami sai ya haƙa wanda ya fi shi zurfi don ya cike shi.

A nan ne halinmu ke shiga cikin ciwon. Mashayi ana ganin sa a ido, ana jin wari, wani ya ja shi asibiti. Mai caca yana iya zuwa sahun gaba a masallaci da farar riga, bashin miliyoyi na cin sa, matarsa ma ba ta sani ba. Abin da ke hana shi buɗe baki shi ne ya san hukuncin da ke jiran sa. Bincike a ƙasashe irin su Kanada da Ostareliya ya sha nuna cewa kunya da tsoron tonon asiri na cikin manyan dalilan da ke hana masu wannan ciwo neman taimako, kuma 'yan kaɗan ne ke nema, galibi bayan komai ya rushe. Idan haka ne a inda caca take halal a doka kuma ba abin kunya ba ce a al'ada, ina ga inda ta haɗa zunubi da laifi da zubar da mutuncin dangi?

Ƙarshen wannan shiru yana da muni. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka wallafa a 2018, ya gano cewa waɗanda aka tabbatar suna da ciwon caca sun ninka sauran jama'a kusan sau 15 wajen mutuwa ta hanyar kashe kai. Kuma ba su kaɗai abin ke ci ba, domin an ƙiyasta cewa kowane mutum ɗaya da ya yi nisa yana shafar wasu shida: mata, 'ya'ya, iyaye, abokan kasuwanci.

Akwai wata illar kuma. Muddin muka tattara laifin duka muka ɗora wa yaron da ya faɗa, mun sallami wanda ya haƙa ramin. Kamfanonin nan suna da ƙwararru da aikinsu shi ne su sa mutum ya daɗe yana wasa: kyautar maraba, saƙon tunatarwa, talla a rigar 'yan ƙwallo da bakin fitattun mutane. Birtaniya, wadda ta sakar wa caca mara da dokar 2005, ta dawo tana gyara. A 2019 ta rage mafi girman kuɗin da za a iya sakawa a wasu na'urorin shaguna daga fam 100 zuwa fam 2, a 2020 ta hana caca da katin bashi, ta kuma buɗe asibitoci na musamman, na farkonsu a Landan tun 2008. Tana da tsarin da mutum zai yi rajista sau ɗaya a toshe shi daga dukkan shafukan caca masu lasisi. Kulob-kulob ɗin Firimiya sun amince a 2023 su cire tallar caca daga gaban riguna. Tunda yanzu iko ya dawo hannun jihohinmu, ya kamata su duba tallar da ke shigowa ta rediyo da waya, da hanyoyin biyan kuɗi, su kuma ware wani abu don jinya. Rufe shago aiki ne mai kyau, amma rabin aiki ne.

Addininmu ma bai koya mana yasar da mai rauni ba. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa akwai wani mutum da aka sha kawo shi gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, ana yi masa hukunci yana komawa. Da wani ya tsine masa, sai Manzon Allah ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta aikin, ba a kori mutumin daga cikin jama'a ba. Ina fata limamanmu, in sun yi huɗuba a kan haramcin caca, su ƙara da jumla ɗaya: wanda ya kamu kuma yana son fita, ya zo, asirinsa a rufe yake.

Ciwon yana jin magani. Zama da ƙwararre, wanda ke warware wa mutum gurɓataccen lissafin "wannan karon zan ci," shi ne abin da ya fi tabbata. Akwai masu amfana da naltrexone, maganin da ake ba masu jarabar giya. Zaman ƙungiya na waɗanda suka taɓa faɗawa, irin wanda aka fara a Amurka a 1957, ya taimaki mutane da yawa. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, amma asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri suna nan, haka sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa.

Kai da ke da ɗa ko ƙane ko miji a cikin wannan hali, kada ka tara masa dangi ka tozarta shi, kada kuma ka riƙa biya masa bashi a ɓoye kana miƙa masa kuɗi a hannu, domin duka biyun suna mayar da shi ciki. Ka zauna da shi ku biyu, ya faɗi adadin bashin gaba ɗaya. Wani amintacce ya riƙe masa katin banki da albashi na wani lokaci, a goge manhajojin, a biya masu bin sa kai tsaye. In ya koma bayan ya bari, kada a ce aikin ya lalace, haka jarabar take, a sake ɗaura ɗamara. In kuwa ka ji yana cewa gara ya huta da duniya, kada ka ɗauka barazana ce. Ka kai shi asibiti a ranar, kada ka bar shi shi kaɗai.