Aceh Bayan Igiyar Ruwa: Yadda Kuɗin Agaji Suka Fi Ƙarfin Kasuwa

Ran 26 ga watan Disamba na 2004, da safe, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku daura da tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya, ta tayar da gagarumar igiyar ruwan nan da ake kira tsunami. Ruwan ya halaka mutane wajen 230,000 a ƙasashe 14, tun daga Tailan da Siri Lanka har gaɓar Somaliya. Lardin Aceh, wanda ke ƙuryar arewacin Sumatra, shi ya fi kowa jin jiki: mutane kimanin 167,000 sun mutu ko sun ɓace, wasu fiye da 500,000 kuma suka rasa matsuguni. Gwamnatin Indonesiya da Bankin Duniya sun ƙiyasta ɓarnar a kan dala miliyan 4,500, wato kusan daidai da duk arzikin da lardin ke samarwa a shekara guda.

Duniya ba ta yi rowa ba. Wani rahoto da haɗakar hukumomin agaji ta fitar a 2006 ya ce an yi alkawarin dala miliyan 13,500 domin dukan ƙasashen da abin ya shafa, miliyan 5,500 daga ciki kuwa daga aljihun jama'a suka fito. In aka raba, kowane mutum da bala'in ya taɓa ya tashi da fiye da dala 7,000, alhali wanda ambaliyar Bangaladash ta shafa a wannan shekarar dala 3 kacal aka kashe masa. Har ta kai ga ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, ta shaida wa masu ba ta gudummawa a watan Janairu na 2005 cewa abin da ta samu domin wannan aiki ya ishe ta.

To, amma kuɗi ba su zama gida sai an sami bulo da katako da magini, ga shi kuwa ruwa ya tafi da tashoshin jiragen ruwa, ya yanke babbar hanyar da ta bi gaɓar yamma zuwa Meulaboh, ya kuma kashe masu sana'a da ma'aikatan gwamnati masu ɗimbin yawa. Ɗaruruwan ƙungiyoyi suka faɗo wa 'yar ƙaramar kasuwa a lokaci ɗaya, kowace da buhun kuɗinta, kowace tana neman siminti da direba da tafinta da gidan haya. Sakamakon ba boyayye ba ne ga duk wanda ya san halin kasuwa. A ƙarshen 2005 hauhawar farashi a birnin Banda Aceh ta kai kashi 41 cikin 100, yayin da ta ƙasar baki ɗaya take kashi 17. Gaskiya ne ƙarin kuɗin man fetur da gwamnati ta yi a watan Oktoba na wannan shekara yana da hannu a ciki, sai dai ai ƙarin ya shafi ƙasar duka, don haka ratar da ke tsakani ta Aceh ce ita kaɗai. Ƙungiyar da ta yi alkawarin gidaje bisa lissafin farkon shekara sai ta iske kuɗinta ba za su kai ba. Ko dai ta rage yawa, ko ta rage inganci, ko ta koma roƙo. Wanda abin ya fi cutarwa shi ne talakan cikin ƙasa da ruwan bai kai gare shi ba: sunansa ba ya cikin jerin masu karɓar agaji, amma shinkafa da haya sun yi masa tsada kamar kowa.

Gaggawar kashe kuɗi domin a nuna wa masu bayarwa hoto ta haifar da nata asarar. An raba wa masunta kwale-kwalen da aka sassaƙa da ɗanyen katako, da yawa ba su jure wa teku ba. An kuma makale kan batun fili, domin takardun mallaka sun lalace, iyakokin gonaki sun shafe, wani wuri ma teku ya cinye shi ɗungurungum. Dole aka tara waɗanda suka tsira a kowane ƙauye su zauna su shata iyaka da kansu, a tantance magada bisa shari'ar Musulunci, kafin a aza tubali.

Abubuwa biyu suka daidaita al'amarin. A watan Afrilu na 2005 gwamnati ta kafa hukumar sake gina Aceh da tsibirin Nias, BRR, ƙarƙashin tsohon minista Kuntoro Mangkusubroto, ta ba ta hedkwata a Banda Aceh maimakon Jakarta, da ikon kai ƙorafinta ga shugaban ƙasa kai tsaye, da wa'adin shekara huɗu. Kowace ƙungiya sai ta gabatar mata da shirinta kafin ta fara aiki, abin da ya rage gina asibiti biyu a ƙauye ɗaya ana barin na kusa da shi fayau. Wasu ƙasashe masu ba da agaji kuma suka zuba kuɗinsu, kimanin dala miliyan 650, a asusu ɗaya da Bankin Duniya ya riƙe. Na biyu, ran 15 ga watan Agusta na 2005 gwamnati da 'yan awaren GAM suka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a birnin Helsinki, bisa shiga tsakanin tsohon shugaban ƙasar Finlan, Martti Ahtisaari. Da yaƙin da aka faro tun 1976 ya ci gaba, da babu ɗan kwangilar da zai kai tirelar siminti ƙauyukan gaɓa.

Lokacin da BRR ta rufe littafinta a watan Afrilu na 2009, an gina gidaje wajen 140,000, ban da makarantu da asibitoci da hanyoyi. A wannan fanni aikin ya ci sunansa. Inda aka gaza shi ne samar da sana'ar da za ta ɗore: aikin gini ne ya ɗauki matasa, da ƙungiyoyi suka naɗe tabarmarsu sai aikin ya bi su, ga kuma iskar gas ta Arun, wadda lardin ya daɗe yana tinƙaho da ita, tana ƙarewa. Tun daga 2008 gwamnatin tsakiya take ba Aceh wani kaso na musamman daga baitulmali, wanda doka ta yanka wa wa'adi zuwa 2027. Duk da haka, da aka cika shekara 20 da bala'in a 2024, lardin yana nan a sahun gaba wajen talauci a duk tsibirin Sumatra.