Gilashin babur ya yi hazo: wanne ake gyarawa, wanne ake haƙura da shi?

Tambayar da ta fi yawa a shirinmu na masu abin hawa na wannan makon daga Wagadugu ta fito, daga unguwar Zongo da ke yammacin birnin, wajen Pissy da Zagtouli. Ba tsohon Zangon Hausawa na tsakiyar gari ake nufi ba, wanda aka rushe a 2003 saboda aikin ZACA. Wannan daban ne. Abin da masu sauraro ke kuka da shi ɗaya ne: gilashin gaban babur, da na fitila, da na hular kwano duk sun yi dishi-dishi, ana wankewa amma kamar ana ƙara musu hazo. Ga abin da aka tattauna, mun tsamo maka shi a rubuce don ka ajiye. Da muka ce "ka", har da ke Hajiya, don a Wagadugu mata ba su bar wa maza babur ba.

Da farko dai ka sani, abin nan da muke kira gilashi ba gilashi ba ne, roba ce. Kuma iri biyu ce. Akwai akirilik, wadda aka fi sani da sunan Plexiglas, da aka fara sayarwa a Jamus a 1933. Akwai kuma polikabonet, wadda aka gano a 1953. Akirilik tana da haske garau, rana ba ta cika sauya mata launi ba, amma idan babur ya faɗi tana iya tsagewa. Ita kuwa polikabonet da wuya ta fashe, shi ya sa ake yin fitilu da gilashin hular kwano da ita. Sai dai fatarta laushi gare ta, kuma rana na mayar da ita ruwan ɗorawa. Don haka tun daga kamfani ake shafa mata wani siririn rufi mai tauri da ke kare ta. Ka riƙe zancen rufin nan, don shi zai yanke maka hukunci can gaba. Ka duba gefen gilashin ko kusa da inda aka ɗaure shi da noti, sau da yawa za ka ga an buga PC, wato polikabonet, ko PMMA, wato akirilik.

To, me ke kawo hazon?

Mafi yawansa hannunka ne. Ka yi haƙuri, amma gaskiya ke nan. Ka fito da safe lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka tarar jar ƙurar hanyoyin Zongo ta kwanta a kan gilashin, sai ka sa hannun riga ko tsumman da ke ƙarƙashin sirdi ka share. Ƙurar nan ba gari ba ce, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi robar tauri nesa ba kusa ba. Kowace sharewa a bushe ƙananan ƙarce ne ɗaruruwa waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Da rana ba za ka damu ba. Sai da dare, a kan hanyar Bobo, babbar mota ta hasko ka, hasken ya tarwatse a cikin ƙarcen nan, gabanka ya zama fari fat. A daidai wannan lokacin ne ba ka ganin amalanken jaki ko mai keke marar fitila. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ba zancen lokaci, ba wai don babur ya yi ƙyalli ba.

Wankin da ya dace ba shi da tsada. Ka kai babur inuwa, ka bari robar ta huce, musamman a watan Afrilu da zafin Wagadugu ke haura digiri 40. Ka kwarara ruwa tukuna, ba tare da ka taɓa ba, ƙurar ta gangara da kanta. Sannan ka ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka a ruwa mai ɗumi, ka sa tsumma mai laushi, tsohuwar singileti ta auduga ma ta isa in dai mai tsabta ce. Ka riƙa sharewa daga sama zuwa ƙasa, kada ka yi ta zagayawa. Ka ɗauraye, ka tsane da wani tsumman daban. Kada ka yarda da garin omo da bai narke ba, ko soson ƙarfe, ko takardar jarida. In kuma wurin yaran wankin babur ka kai, ka tsaya a kansu: tsumman da suka goge taya da sarƙa da shi, shi ne dai za su ɗora a kan gilashin in ba ka yi magana ba.

Tabo kuwa kowanne da maganinsa. Ƙwarin da suka mutu suka manne da damina, da kashin tsuntsu, ba a kankare su da farce. Ka jiƙa tawul ka shimfiɗa a kai kamar minti 15, za su saki da kansu. Farin tabon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari in ya bushe, ruwan binega da aka sirka da ruwa rabi da rabi yana ɗauke shi, sai ka ɗauraye nan take. Gam ɗin sitika, ka shafa masa man gyaɗa, ka ba shi lokaci, ka murza da ɗan yatsa, ka bi da sabulu.

Yanzu ga inda mutane ke kashe gilashinsu da kansu. Fetur, da tina ta masu fenti, da ruwan goge jan farce, da man birki, da ruwan goge gilashin mota mai amoniya, duk abokan gaban robar nan ne. Fetur kam yana cire tabon nan take, shi ya sa bakanike ke saurin tsoma tsumma a ciki. Amma yana shiga jikin robar ya raunana ta, bayan kwanaki ka ga wasu ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, galibi daga wajen noti suke farawa inda robar take a matse. Wannan ba ya gyaruwa. Haka in ana zuba maka mai, ko a gidan mai ko wurin masu kwalba a bakin hanya, in ya fantsama a gilashin ka wanke da ruwa da sabulu kafin ka tashi. Akwai kuma dabarun da ake yaɗawa a waya: wai a shafa baƙin mai, ko maganin sauro na shafawa, ko a bi da wuta. Baƙin mai cike ƙarcen kawai yake yi na yini ɗaya, sannan ya kama ƙura. Maganin sauron narka fatar robar yake yi, shi ya sa take sheƙi da farko, daga baya ta yi danƙo. Wuta kuwa, kai, a bar zancen.

To idan an wanke tas amma hazon na nan fa? Sai ka gwada da farce. Ka ja farcenka a hankali a kan ƙarcen. In bai maƙale ba, ƙarcen na sama-sama ne, gogewa za ta fitar da shi. Man goge roba da ake samu wurin masu kayan mota shi ne na farko. In babu, farin makilin na goge haƙori yana ɗan taimakawa, don akwai laushin gari a cikinsa. Ka fara gwadawa a wata kusurwa ta ƙasa da ba a kallo ta cikinta.

In farcen ya maƙale, sai samfefa ta ruwa, kuma a nan ne sanin irin robar ke da amfani. A kan akirilik aikin na kyau: ka jiƙa samfefar, ka fara da lamba 1000, ka koma 1500, sannan 2000, in ka samu 3000 ka ƙarasa da ita, ruwa na zuba a kai kullum, kana sauya wajen da kake ja duk sanda ka sauya lamba. Gilashin zai yi fari kamar an shafa masa koko, kada gabanka ya faɗi, man gogewa ne zai dawo da haskensa a ƙarshe. Da hannu ake yi. Injin gurza yana ɗumama robar ya ƙona ta.

A kan polikabonet kuwa, samfefa cire rufin nan na kamfani take yi. Ranar farko za ka ji daɗi, amma ka tuɓe mata rigar da ke kare ta daga rana, kuma ranar Sahel ba ta da sauƙi: cikin 'yan watanni za ta koma ruwan ɗorawa fiye da dā. Don haka, a ganinmu, in rufin yana nan lafiya kada ka kai masa samfefa, ka zauna da ɗan ƙarcen. In ya riga ya fara ɓarewa kamar fatar maciji, kamar yadda ake gani a tsofaffin fitilu, to babu abin da za ka yi asara: ka goge shi duka, amma ka sa mai fenti ya fesa masa farin banish mai kare rana wanda aka yi domin roba.

Tsagewar da take cikin naman robar, wadda in ka shafa ba ka jin ta amma kana ganinta, babu samfefar da za ta kai gare ta. Haka gilashin hular kwano da ya yi hazo: siriri ne, kuma dab da idonka yake, sauyawa ake yi. Ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwar babura ta Théâtre Populaire ko wurin mai kayan gyaran unguwarku, a gwada ramukan noti kafin ka biya. Wajen ɗaurawa ka tabbata robobin da ke ƙarƙashin notin suna nan, kuma kada a ɗaure tamau, don matsewar na tsaga sabon ma.

Wani mai sauraro daga Bawku ya tambaya ko rufe babur da leda na kare gilashin. Ledar da ke kaɗawa a iska a kan ƙura ita ma gogewa take yi. Ka ɗauraye ƙurar tukuna, ka rufa tsohon zane mai laushi, ka juya gaban babur ɗin ya ba rana baya.