Yadda siffar ƙwayar filatinam za ta iya rage tsadar motar haidurojin

Motar da ke amfani da iskar haidurojin ba ta fitar da hayaƙi, ruwa kawai ke ɗiga daga salansarta. Amma har yanzu tana da tsada, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne filatinam, ƙarfen nan mai daraja da ke cikin tukunyar salansar motocin fetur, wadda makanikai a Najeriya ke kira indomi.

Abin da ake haƙowa na filatinam a duk duniya bai kai tan 200 a shekara ba, alhali zinare ya haura tan 3,000. Kusan kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Saboda haka ne masana suka duƙufa wajen neman hanyar da ɗan kaɗan zai yi aikin mai yawa.

A cikin batirin haidurojin akwai ɓangare biyu. A ɓangare ɗaya ana raba haidurojin da ƙwayoyin lantarkinta, su bi waya su juya injin. A ɗaya ɓangaren kuma iskar oksijin ce ke karɓar waɗannan ƙwayoyi, ta haɗu da haidurojin su zama ruwa. Aikin farko yana da sauri, na biyun kuwa akwai nawa, don haka a nan ne ake zuba mafi yawan filatinam domin ya zaburar da shi.

Filatinam dillali ne a wannan ciniki: yana riƙe oksijin a bisa fuskarsa har a gama haɗi, sannan ya sake shi. Idan riƙon ya yi sako-sako ba a ƙulla komai, idan ya yi tsanani kuma wurin ya toshe. Zallan filatinam yana ɗan wuce gona da iri wajen riƙo. Gauraya shi da nikel ko kobalt na sassauta wannan riƙo zuwa daidai.

Tun da a fuska kaɗai ake aikin, sai a mayar da ƙarfen ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, masu faɗin nanomita kaɗan. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

A shekarar 2007 ne Vojislav Stamenkovic da Nenad Markovic da abokan aikinsu a Amurka suka wallafa wani bincike a mujallar Science da ya sauya alƙiblar fannin. Sun nuna cewa a gaurayen filatinam kashi 3 da nikel kashi 1, akwai wata fuska da ƙwayoyin zarra suka fi cunkushewa a kanta, wadda ƙarfin aikinta ya ninka na irinta ta zallan filatinam sau 10, ya kuma ninka na wanda ake sayarwa a lokacin sau 90.

Daga nan tambayar ta koma ta siffa. Dunƙulalliyar ƙwaya tana da fuskoki iri-iri, masu kyau da marasa kyau. Amma ƙwaya mai fuska takwas, tamkar dalar gyaɗa biyu da aka haɗa gindinsu, duk fuskokinta irin waccan mai albarka ce. Ƙungiyar Peter Strasser a birnin Barlin na Jamus tana cikin waɗanda suka ƙware wajen ƙera irin wannan ƙwaya.

A 2014, masana a Berkeley da cibiyar bincike ta Argonne suka ƙera ƙwaya mai rami a ciki kamar keji, yadda iska ke taɓa ƙarfen ciki da waje. A 2015 kuma ƙungiyar Yu Huang a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta ƙara ɗan molibdenam a kan ƙwaya mai fuska takwas, aikinta a kowane miligiram na filatinam ya ninka na kasuwa fiye da sau 70.

Sai dai waɗannan alƙaluma na ɗakin gwaji ne, inda ake auna ɗan ƙanƙanin abu a cikin ruwan asid. A cikin batirin gaske akwai zafi, ga tashi da saukar lantarki duk lokacin da direba ya taka totur ko birki. A hankali nikel yana narkewa ya fice, kusurwoyin ƙwayar su dushe ta koma dunƙulalliya, fa'idar ta ragu. Nikel ɗin da ya fice ma yana iya cutar da fatar da ke tsakanin ɓangarorin batirin.

Shi ya sa motar Toyota Mirai, wadda aka fara sayarwa a Japan a ƙarshen 2014, ta dogara da gaurayen filatinam da kobalt, wanda ya fi juriya. Ƙoƙarin masana a yau shi ne samar da ƙwayar da za ta riƙe siffarta na dubban sa'o'i a kan hanya, kuma a iya ƙera ta da kilo-kilo a masana'anta. Idan hakan ta samu, filatinam ɗin da ke isar mota ɗaya a yau zai iya isar motoci da dama.