Yadda ta'asar 'yan bindiga ta kusanto Danja

A da, abin da ke hana manomin Danja barci shi ne ɓarawon shanu da ɗan fashin da ke tare hanya ranar kasuwa. Daga wajejen 2011, satar shanu a Zamfara ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, ta bi dajin Rugu ta mamaye Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara.

Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla da 'yan bindiga a 2016 da 2019 bai ɗore ba. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, da ke kusa da Danja.

A Oktobar 2023 Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan sa-kai. Duk da haka, a Agustan 2025 aka kashe masallata a Unguwar Mantau ta Malumfashi.

Manomin rake da tumatir a Danja na buƙatar tsaron da zai kai har gonarsa, domin gonar da aka ƙaurace wa yunwa take haifarwa.