Faransa: fetur mai etanol da tsofaffin motoci

Tun 2009 gidajen mai a Faransa ke sayar da SP95-E10, fetur mai etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ake tatsowa daga gwozar sukari da hatsi. Yawancin motocin da aka ƙera daga 2000 suna shan sa lafiya lau.

Tsofaffi ne abin ji, musamman masu karbureta. Etanol na cin tiyon roba har ya tsage, mai ya riƙa yoyo kusa da inji mai zafi. Yana kuma jan ruwa, sai tanki ya yi tsatsa in mota ta daɗe a ajiye.

E85 kuwa, sai motar da aka ƙera dominsa ko aka sa wa na'ura ta musamman.