Kafin A Kira 'Yan Gwangwan: Yadda Muka Ta Da Tsohuwar Motar Ikkilisiya

Duk wanda ke yawon bishara a ƙauyukan kudancin Kaduna da Filato ba zai rasa ganin wata babbar mota jibge a bayan majami'a ba, tayoyinta sun lotse, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da yawansu Mercedes-Benz 911 ne, masu gajeren hanci da bodin katako, waɗanda iyayenmu suka saya da baikon kaka domin ɗaukar bulo da taki da amfanin gona. Tambayar da ke gaban dattawa a wurare da dama ita ce, a sayar wa 'yan gwangwan su auna a kilo, ko kuwa a gyara? A gundumarmu mun zaɓi gyara, muna kuma so mu bayyana wa 'yan'uwa abin da muka gani, gama kwamitin da bai san cikin mota ba, ba zai iya tsare kuɗin Ubangiji a gareji ba.

Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya soma ƙera masu gajeren hancin nan a 1959, bai daina ba sai 1995. A nan gida kuma kamfanin ANAMMCO da ke Emene kusa da Enugu ya fara harhaɗa manyan motocin Mercedes a 1981. Injin da ke cikin tamu shi ake kira OM 352, wanda ya fito a 1964, mai silinda 6 da girman lita 5.7, yana shan man gas. Babu kwamfuta a jikinsa ko ɗaya. Wannan shi ne babban dalilinmu na farko, domin bakanike na kirki a Kafanchan ko Kachia zai iya kwance shi har ƙusa ta ƙarshe ya mayar. Dalili na biyu kuwa, tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwar babbar mota ta fi ƙarfin kowace gunduma ta karkara. Ranar da ba mu da mota, manomanmu sai su sayar da citta da masara a bakin gona a farashin da mai saye ya ga dama, ko su biya kuɗin haya mai tsada lokacin kaka.

Aikin injin ba sai mun tsawaita ba, domin kowa yana ganin ciwonsa. Yana fid da shuɗin hayaƙi, alamar baƙin mai yana ƙonewa tare da gas. Aka sauke shi, aka kai karanshaf Panteka a Kaduna aka wasa, aka sayo metal daidai da sabon awon, gama ana rage karanshaf ne mataki mataki, kowane mataki rubu'in milimita. Aka sa sababbin fistin da ringi da gaskit, aka kai nozul da famfon injekta wurin masu gwaji. Ba wanda ya yi gardama a kan ko sisi.

Gardama ta tashi ne a kan wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a ƙarshen karanshaf ta baya, wanda kanikawa ke kira fulawil. Yawancin masu mota ba su taɓa ganinsa ba, domin yana ɓoye tsakanin injin da giyabos. Bakaniken ya ce lalle sai an kai shi an goge fuskarsa, an kuma sake zoben haƙoransa. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, kuloci aka ce ya mutu. Ka sa sabon faranti mana, me ya kai mu ga wannan ƙarfe da bai karye ba?" Bakaniken ya amsa, "Baba, kawo hannunka." Ya ɗora yatsan dattijon a kan fuskar ƙarfen, sai ga kwaruruka zagaye da shi, da tabo shuɗi-shuɗi, da ƙananan tsage kamar na ƙasa a watan Maris.

To, ga dalilin da ya sa bakaniken yake da gaskiya. Fulawil yana da aiki uku. Injin ba ya ba da ƙarfi a miƙe, bugu-bugu yake yi, mai silinda 6 yana bugu uku a kowane juyi ɗaya. Nauyin fulawil ke riƙe ƙarfin kowane bugu ya kai shi ga na gaba, kamar yadda dutsen wasa mai nauyi ke ci gaba da juyawa bayan an saki hannu. Na biyu, a bakinsa akwai zobe mai haƙora, wanda kik ke kamawa ya juya injin. Na uku kuma, wanda ya fi shafarmu, fuskarsa ita ce rabin kuloci. Farantin kuloci yana zaune ne a matse tsakanin fulawil da murfi mai sifirin. In direba ya taka, murfin ya ja baya, injin ya rabu da giya, in ya saki kuma sai su sake haɗuwa. Saboda haka wanda ya sa sabon faranti a kan fuska mai kwari, daidai yake da wanda ya shimfiɗa sabuwar tabarma a kan tsakuwa. Farantin zai kama a wasu wurare kaɗai, ya yi zafi, motar ta riƙa karkarwa wajen tashi, kafin a jima ya cinye. Sa'an nan a sake biyan kuɗin sauke giyabos, wanda shi ne aikin wahala. Mai ɗauke da buhuna a Hawan Kibo, injin yana ruri amma mota ba ta gaba, shi ne zai gaya maka abin da zamewar kuloci ke nufi.

Gugar fuskar ma tana da iyaka. In tsagen ya yi zurfi, ba a gogewa, ba a kuma walda, sai a nemi wani fulawil ko da na Beljiyam ne. Ƙarfe mai wannan nauyi in ya fashe yana cikin gudu, dab da ƙafafun direba yake. Namu, godiya ga Allah, tsagensa na sama ne.

Zoben haƙoran ya koya mana wani abu. Haƙoran ba su cinye duka ba, sai a wurare uku kaɗai. Bakaniken ya bayyana cewa injin mai silinda 6 yakan tsaya kusan a waɗannan wurare uku duk lokacin da aka kashe shi, don haka nan kik ke fara cizo kullum. Wannan ya sa wata rana mota ta tashi sumul, wata rana sai ƙara kawai, har a tara matasa su tura, ana ta zargin batir alhali ba laifinsa. Ana fasa tsohon zoben, a ɗumama sabon a hankali ko'ina daidai har ya buɗe, a zura shi, in ya huce ya kama da kansa. Kada a bari ya yi ja a wuta, domin haƙoran za su yi laushi.

Tun da giyabos yana ƙasa, muka sa aka canja ƙananan abubuwa uku masu araha: boris na tsakiyar fulawil, boris mai tura murfi, da abin da ke tare baƙin mai a bayan karanshaf. Mai kaɗan in ya ɗiga a kan faranti ya isa ya lalata shi. Muka nace a ɗaure ƙusoshin fulawil da sifana mai awon ƙarfi, ɗaya da kishiyarta, ba da bututu da ƙarfin ƙirji ba. Sayen kaya kuwa mutum biyu ke zuwa tare da bakanike, a kawo rasit da tsohon abin da aka cire, a nuna wa ma'aji. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga sunan bakaniken kansa.

Akwai kuma batun ran yaran gareji, waɗanda wasunsu 'yan ajin baftismarmu ne. Ƙurar da ke cikin gidan kuloci na tsofaffin motoci tana iya ƙunsar asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru masu yawa. Muka hana hura ta da baki ko da iska, sai a shafe da jiƙaƙƙen tsumma. Ba wanda ya shiga ƙarƙashi sai an sa wa tayoyi waigi, an kuma rataye giyabos da sarƙa.

Bayan an haɗa, motar ta yi makonni tana ɗaukar rabin lodi, aka juye baƙin mai da wuri aka sake fita. Direba ya sa hannu a takarda gaban dattawa cewa in da kaya da giya ɗaya zai tashi, ba zai ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya ba, ba zai riƙe mota a hawa da kuloci maimakon birki ba, kuma zai riƙa duba ɗan sakin da ke saman fedar kowane mako. Batun yawan lodi ne ya rage, gama kowane manomi yana ganin buhunsa ɗaya ba zai ƙara kome ba. Kwamiti ya rubuta adadin buhunan da fenti a jikin bodi, aka kuma danƙa ƙirgar a hannun shugabar Zumuntar Mata.