'Yan Uwan Avett: Yadda Wa da Ƙani Suka Tara Jama'arsu Kafin Babban Kamfani Ya Zo

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau Amurka za mu tsallaka, jihar Karolina ta Arewa, wani gari da ake kira Concord a kusa da birnin Charlotte. A can ne wasu mawaƙa biyu, wa da ƙani, suka kafa ƙungiyar da ake kira The Avett Brothers. Na san wani zai ce, mu da ba ma jin irin kiɗan nan, ina ruwanmu? Ku ɗan yi mini haƙuri. Abin da ya ja hankalina a labarinsu tambaya ce da ta shafi duk matashin da ke da wata fasaha a hannunsa: yaushe ya kamata ka shiga hannun masu kuɗi, kuma da me za ka shiga?

Bari mu fara da su wane ne. Scott Avett, wanda aka haifa a 1976, shi ne babba, kuma mai zane ne baya ga waƙa. Seth, ƙaninsa, an haife shi a 1980. Mahaifinsu Jim Avett mai walda ne, yana kuma taɓa jita yana waƙa, ga 'yar gona a bayan gari. Da suka taso, kiɗan rok mai ƙara da hayaniya suka fara yi, a wata ƙungiya mai suna Nemo. Suna cikin haka suka riƙa zama a gefe da kayan kiɗan da ba sa buƙatar wutar lantarki, suna gwada waƙoƙin karkara irin na kakanninsu. Da Nemo ta watse a 2001, abin nan na gefe shi ya zama aikin gaske. Sai wani makaɗi, Bob Crawford, ya shigo, suka zama su uku.

To wane irin kiɗa ne? Scott na kaɗa banjo, Seth na kaɗa jita. Bob kuma yana riƙe da bes, wani abu mai kama da ƙaton goge da ake tsayar da shi a ƙasa, ya fi mutum tsawo, ana jan tsirkiyarsa da yatsu. Da farko ba su da mai ganga. Scott ne ke taka wata ganga da ƙafa yana kaɗa banjo, Seth kuma yana taka faranta biyu na ƙarfe masu kaɗuwa. Kun ga kayan na gargajiyar karkara ne, amma zafin na rok ne: su yi tsalle, su yi ihu, tsirkiya ta tsinke, sannan su dawo su haɗa murya a hankali kamar masu lallashin yaro. Wannan gaurayen ne Turawa ke kira folk rock. Daga baya Joe Kwon, wanda aka haifa a Koriya ta Kudu, ya shigo da selo, shi ma dangin goge ne.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu sani. Banjon nan da ake yi wa kallon kayan kiɗan fararen fatar karkarar Amurka, tushensa Afirka ta Yamma ne. Bayin da aka kwashe zuwa tsibiran Karebiyan da Amurka su suka fara haɗa shi, da ƙwarya da fata da sanda da tsirkiya. Masana na yawan kwatanta shi da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, da kuma ngoni na Mali. Duk wanda ya san gurmi ko molo ko garaya, in ya ga tsohon banjo zai gane gida ɗaya suka fito wajen ƙira.

Yanzu mu zo kan batun 'yanci. In aka ce mawaƙi mai zaman kansa ne, ana nufin ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwar waƙa. Ga yadda harkar manyan take tafiya galibi: kamfani zai ba ka kuɗi tun kafin ka yi aiki, ya biya situdiyo, ya yi talla. Kuɗin nan fa ba kyauta ba ne. Daga kasonka na ciniki ake cirewa har sai sun fita, kuma sau da yawa ainihin sautin da aka naɗa mallakin kamfani ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In ka shiga ba ka da kowa a bayanka, su za su faɗa maka irin waƙar da za ka yi, in ba ta karɓu ba su ajiye ka.

'Yan uwan Avett ta ɗaya ƙofar suka bi. A 2002 suka fitar da kundinsu Country Was da kansu, suka shiga mota suna bin garuruwa, su da kansu suke neman wuraren da za su yi wasa. Ƙananan wurare ne, wani lokaci mutane kaɗan. A 2003 suka haɗu da wani ɗan yankinsu, Dolph Ramseur, mai ƙaramin kamfani Ramseur Records. Da shi suka fitar da A Carolina Jubilee a 2003, da Mignonette a 2004, da Four Thieves Gone a 2006, da Emotionalism a 2007. Wannan na ƙarshen ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na mawaƙa masu tasowa. Babu babban kamfani a bayansu. Mutanen da suka gan su ido da ido ne suka riƙa dawowa, kowa ya janyo abokinsa.

Sai a 2008 Rick Rubin ya ɗauke su a kamfaninsa American Recordings. Rubin ba ƙaramin mutum ba ne a harkar: yana cikin waɗanda suka kafa Def Jam, kuma shi ya farfaɗo da sunan Johnny Cash a shekarun 1990. A 2009 kundin I and Love and You ya fito. Piyano ya yi yawa a cikinsa, banjo ya ragu, sautin ya yi santsi. Wasu tsofaffin masoya suka ji haushi, suna ganin an wanke musu ƙurar da suke so. A 2011 suka hau dandalin bikin Grammy tare da Bob Dylan da Mumford & Sons. A 2016 kundinsu True Sadness ya kai matsayi na 3 a babban jadawalin Billboard.

To, sun sayar da kansu ke nan? Ni a ganina a'a, kuma ga dalilina. Lokacin da Rubin ya zo, sun riga sun shafe shekaru suna kan hanya, suna da kundaye, suna da jama'ar da ke sayen tikiti ko rediyo ta sa waƙarsu ko ba ta sa ba. Wanda ya zo teburin ciniki da jama'arsa a bayansa, zai iya cewa a'a ya tashi. Dubi abin da suka riƙe. Dolph Ramseur ya ci gaba da zama manajansu. Su suka ci gaba da rubuta waƙoƙinsu. Jerin ƙananan kundayensu masu suna Gleam, waɗanda kusan murya ce da tsirkiya kawai, sun fara su a 2006, suka yi na biyu a 2008, suka dawo da na uku a 2020. Gaskiya ne sautin ya canza, kuma mai sukar yana da hujjarsa. Amma canjin da mutum ya zaɓa daban yake da wanda aka ɗora masa.

Ina amfanin 'yan uwantaka a ciki? Wahalar hanya ita ke watsa ƙungiyoyi da yawa kafin riba ta zo, kuma jini kaɗai ba ya hana rigima. Liam da Noel Gallagher na ƙungiyar Oasis a Ingila uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma sun rabu baram-baram a 2009, sai a 2024 suka sanar da dawowa. Su Scott da Seth, kowa na kawo waƙarsa, kowa na jan baiti, ana kiran ƙungiyar da sunan gidansu. Kuma zumuncin bai tsaya a kansu ba. A 2011 aka gano ƙari a ƙwaƙwalwar ƙaramar 'yar Bob Crawford. Ya ajiye aiki ya koma jinya, aka samu mai riƙe masa, wurinsa kuma yana nan har ya dawo. Fim ɗin May It Last, wanda Judd Apatow da Michael Bonfiglio suka shirya a 2017, ya nuna wannan, ya kuma nuna yadda mutuwar auren Seth ta shiga cikin waƙoƙin True Sadness.

Kada kuma mu ɗauka duk abin da suka taɓa zinare yake zama. Kundin Mignonette ya samo sunansa daga wani jirgin ruwan Ingila da ya nitse a 1884, inda yunwa ta sa waɗanda suka tsira suka kashe yaron jirgin suka ci. An gina wasan kwaikwayo mai suna Swept Away da waƙoƙinsu a kan irin wannan labari. Ya isa Broadway a birnin New York a ƙarshen 2024, amma makonni kaɗan ya yi aka rufe shi. Ƙungiyar kuwa ba ta girgiza ba, domin ba a kansa ta dogara ba.

Saboda haka ɗan uwa, 'yar uwa, in kana waƙa, ko rubutu, ko haɗa bidiyo, kafin ka sa hannu a kowace takarda ka tambayi kanka abu uku. Wa zai mallaki aikin bayan an gama? Kuɗin da aka ba ni, daga ina za a cire su? In wannan mutumin ya juya mini baya gobe, mutum nawa ne za su neme ni da kansu? In amsar ta ukun ba ta da daɗi, to da sauran aiki a gabanka kafin zaman ciniki.

Ku faɗa mana ra'ayinku: in ku ne Scott da Seth a 2008, za ku amsa kiran Rick Rubin, ko za ku ci gaba da zama a ƙaramin kamfanin garinku? Sai mun haɗu a shiri na gaba.